Jirgin Da Zai Ɗauki Yaya Maje

Ni dai tun ranar da Yaya Maje ya ce zai shiga tseren jirgin ruwa na san ba za a ƙare lafiya ba. Ba ilimin ruwa gare ni ba, ko kusa, ni da ko ƙafata ban taɓa tsomawa a kogin Thames ba. Ido kawai Allah ya ba ni, kuma duk mai ido ya san Yaya Maje mutum ne cikakke. In ya shigo jirgin ƙasa a Woolwich, mutum biyu ne suke miƙe masa.

Yaya Maje yayan mijina ne, ciki ɗaya. Shi ya riƙe Abdul-Rashid tun da mahaifinsu ya rasu a Kano, shi ya sa shi a makaranta, shi ya kawo shi Landan, shi ya tsaya masa a aurenmu. Don haka a flat ɗinmu maganar Yaya ba a mayar da ita, ko da wasa. Ni kuwa matar ƙane ce. Abin da ke tsakanina da shi gaisuwa ce, a durƙushe, kaina a ƙasa, in na ajiye masa abinci in koma kicin. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu, kuma abin bai taɓa damuna ba sai bana.

Shekara da shekaru su biyun suna da wani tsohon jirgi irin wanda ake kira katamaran. Kwale-kwale biyu ne sirara aka haɗa da shimfiɗa a tsakani, aka kafa doguwar sanda da ƙyalle, iska ke tura shi. Nasu jaki ne, ko buhunan shinkafa aka loda masa zai tafi, sai dai ba ya sauri. Duk Asabar suna can wani kulob a bakin wata madatsar ruwa gaba da Stratford, Yaya yana tuƙi, Abban Najwa yana jan igiyoyi. Abban Najwa, wato mijin nawa, a ofishin gidaje na council, wato ƙaramar hukuma, yake aiki, inda mutane ke wuni suna zazzage masa fushinsu a kan ɗaki mai yoyo da maƙwabci mai kiɗa. Ranar Asabar kaɗai nake jin ya hawo matakala yana waƙa. Ya taɓa gaya mini a kan ruwa ne kawai Yaya ke ce masa, "Me ka gani?" kuma ya tsaya ya ji amsar.

Bayan ƙaramar Sallah sai Yaya ya sayar da jakin nan. Wai ya gaji da yawon shan iska, 'yan jami'a suna wuce shi suna ɗago masa hannu. Jirgin tsere yake so. To Abban Najwa bai taɓa cin jarrabawar tuƙin ƙasar nan ba, Yaya kuma wai babbar hanya tana tayar masa da ciwon baya, wa za a ɗora wa yawon neman jirgi? Jamilatu mana. Ni ce direba, ni ce mai yin booking, ni ce mai ɗauko fulas ɗin shayi, kuma ni ce wadda ba ta da baki.

Mun je Kent. Mai jirgin ya fito da fara'arsa, ya dubi Yaya, ya dubi jirginsa, ya sake duban Yaya, nan take ya tuna wai ya riga ya yi wa wani alkawari. Mun je Essex, can aka bari suka gwada. Yaya na zama a gefe guda sai gefen ya lume har ruwa ya jiƙa masa mazaunai, ɗaya gefen kuma ya ɗaga sama. Da suka fito muka shiga mota, Yaya ya ce jirgin yoyo yake yi.

"Gaskiya ne Yaya, ni ma na ji alamar haka," in ji Abban Najwa.

Na damƙe sitiyari har yatsuna suka yi tsami.

A ƙarshe muka dawo kulob ɗinsu, wurin wani dattijon Bature mai jan fuska da ke gyaran jirage yana kuma sayarwa. Uku ya nuna mana. Akwai wani mai faɗin ciki, na mutum ɗaya, Yaya ko kallonsa bai yi ba. Akwai wani ƙato mai doguwar sanda, Yaya ya ce launinsa bai kwanta masa ba. Sai wani siriri fari tas, na mutum biyu, wanda ni da nake mace na ga zan iya ɗaga gefensa da hannu ɗaya. Shi Yaya ya je ya dafa yana murmushi.

Baturen ya yi gyaran murya. Ya ce, cikin Turancin nan nasu mai kewaye-kewaye, jirgin tsere ba kamar na yawo ba ne, kowanne akwai nauyin da aka ƙera shi ya ɗauka. Wannan farin, in mutum biyun da ke kansa suka haura kilo ɗari da hamsin, hancinsa zai riƙa nutsewa, in iska ta yi ƙarfi kuma ya kife da su ta gaba. Sannan ya tambaya, idonsa a kan takalminsa, ko nawa ne nauyin kowa.

Abban Najwa ya ce saba'in.

Yaya ya ce, "Tamanin da biyar."

Innalillahi! Tamanin da biyar! Wallahi na ga hotunan aurensa, ko a lokacin ya wuce haka. Na saci kallon mijina, shi kuma ya sami wata agwagwa a kan ruwa ya ƙura mata ido. Kunnuwan Baturen suka ƙara ja. Ya ce to, sun ɗan haura kaɗan, amma ana iya gwadawa in ya gama gyara igiyoyin.

Muna sauke Yaya a ƙofar gidansa a Greenwich na juyo.

"Abban Najwa, tamanin da biyar?"

"Haka ya ce."

"Na ji ya ce, ai da kunnuwana na je. Kai ka yarda?"

"Jamilatu, dubi hanya."

Washegari ya ce in tashe shi sahur, zai fara Sitta Shawwal. Na ce madalla. Ya gama, ya zarce da Litinin da Alhamis. Na ce ma sha Allah, Allah ya karɓa. Daga nan sai ya koma yau azumi gobe hutu, ranar hutun ma ganye yake ci da ruwan zafi. Ga kwanakin bazarar ƙasar nan, rana ba ta faɗuwa sai mutum ya fara hamma. Ga shi mutum ne mai gyambon ciki, likitansa ya sha ja masa kunne kada ya riƙa zama da yunwa. Na bi kasuwar Woolwich rumfa-rumfa na samo daddawa mai kyau wurin wata 'yar Gana, na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe irin wadda yake so, ya yi loma biyu-uku ya ture kwanon. 'Yarmu Najwa ma da ba ta cika lura da komai ba in ba wayarta ba, sai da ta tambaye ni da Turancinta ko babanta ba shi da lafiya ne.

Wata safiya na tura ƙofar banɗaki na same shi tsaye a kan sikeli, daga shi sai gajeren wando, haƙarƙarinsa duk a waje. A nan kaina ya waye.

"Au! Ashe ibadar ke nan?"

"Allah ne masanin niyya."

"Shi ne fa. Amma ni ma da nake wanke kwanonka na san wani abu."

Ya sauko ya zauna a bakin baho, ya ce ya yi wa abin ƙiyasi, Yaya zai kai ɗari da ashirin. "In na sauke ko goma ne, jirgin zai ɗan ji sauƙi."

"Goma daga ina? Daga ƙashi? Mutum yana yawo da rarar kilo arba'in, kai ne za ka rame a madadinsa?"

"To me kike so in yi?"

"Ka gaya masa ya yi wa jirgin nan nauyi. Magana ɗaya ce fa, ba wa'azi ba."

Ya dube ni kamar na ce ya je ya mari liman. "In dubi tsabar idon Yaya in ce masa ya yi ƙiba? Mutumin da ya goya ni a bayansa zuwa asibiti? Jamilatu, ki bar maganar nan. Kuma ban yarda ki furta ta a gabansa ba."

"Ni a wa? Ni da har yau ban san launin idonsa ba?"

Na fice na bar shi, amma raina a jagule yake. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, don na taɓa ganin abin da ciwon cikin nan ya yi masa shekarun baya, lokacin da ya kwanta asibiti ana ƙara masa jini. Ga haushi kuma, na ganin mutum mai hankali da digiri yana kashe kansa saboda kalma ɗaya ta ƙi fita daga bakinsa.

Na ce bari in bi ta wurin Hajiya Afrah, matar Yaya, tunda ita ce ke kwana ta tashi da shi. Na same ta a kicin tana soya masa naman rago. Ta saurare ni tsaf har na gama, sannan ta fashe da dariya har da dafa bango.

"Jamilatu ke nan! Ke kin san tun yaushe nake fama? Telansa na Kano in ya nemi awo, ni nake ƙara masa a ɓoye, in kaya sun zo in ce wa Alhaji yadin ne mai kyau, ba ya tsukewa. Sikelin gidan nan kuwa tuni na kai shi sadaka charity shop, shagon gwanjo. Yanzu ke so kike in rushe duk wannan saboda kwale-kwale?"

"Hajiya, ƙaninsa fa yana ƙarewa."

"Haba, Allah ya kiyaye, bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ki dafa masa abin da yake so, zai ci."

Ta cika mini roba da dambun nama wai in kai masa. Na fito ina jin kamar in yi jifa da robar a cikin kogi.

Sai na ce to, Bature ai ba ruwansa da kara. Na nemo lambar dattijon nan na kira shi daga makarantar yaran da nake aiki, lokacin break. Na roƙe shi don Allah ranar gwaji ya fito da sikeli, ya ce doka ce sai kowa ya hau. Ya yi ta ja mini "well" da "I see". A ƙarshe ya ce shi ba zai iya ce wa customer ƙarya yake yi ba, ba huruminsa ba ne, kuma Mista Maje mutum ne mai hankali, ya san abin da yake yi. Tabɗi! Ashe su ma suna da tasu kunyar, har sun fi mu iya ta. Na kashe waya na shige banɗakin ma'aikata na yi kuka don takaici.

Ranar gwajin ta faɗo a ranar azuminsa. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na ce nafila ce fa, ba farilla ba, gobe ma rana ce. Ya ce yau ce ma ranar da ya fi bukatar ya zama ba nauyi. Da za mu fita na gan shi ya tsaya a bakin ƙofa yana dafe da ciki, da ya ga ina kallonsa sai ya mai da abin gyaran bel.

Iska ake yi sosai a madatsar, ruwan ya yi toka-toka yana tashi. Na zauna a benci da fulas ɗina, na ɗora kwat a kan hijabi. Suka fito daga ɗakin canja kaya cikin baƙar rigar robar nan ta shiga ruwa. Ta Yaya sai da wani saurayi ya taya shi jan zif. Ta Abban Najwa kuwa, wadda bara ta kama shi cif, yanzu lilo take yi a cinyoyinsa.

A irin wannan jirgi, mutum na biyun ba ya zama. Akwai wata igiya da ta sauko daga saman sanda, ita yake maƙalawa a ƙugunsa, ya taka gefen jirgin ya kwanta da baya, jikinsa duka a waje saman ruwa, don kada iska ta kifar da su. Haka na ga mijina, wanda ko ruwa bai kurɓa ba tun asuba, yana reto a bakin igiya.

Ba zan yi ƙarya ba, da farko abin ya ba da sha'awa. Jirgin ya cilla, farin ruwa yana tashi a bayansa, har na jiyo ihun Yaya daga nesa. Amma ko ni da ban san komai ba na ga gaban jirgin yana noƙewa, yana sara ruwa maimakon ya hau kansa. Baturen yana tsaye kusa da ni, hannuwansa a aljihu, yana cizon leɓe. Da suka kai tsakiya suka juyo, iska ta koma bayansu, sai hancin ya lume gaba ɗaya. Bayan jirgin ya ɗaga. Igiyar ta yi majaujawa da Abban Najwa ta gaban sanda ta maka shi da ruwa, jirgin ya bi shi ya kife.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Yaya na hango da farko, rigar ceto ta taso da shi, ya kama gefen jirgi. Can Abban Najwa ya ɓullo. Ya kai hannu zai hau, hannun ya zame. Ya sake kaiwa, ya sake zamewa. Sai na ga ya daina kaiwa, kansa kawai ke lilo a kan ruwa. Ina gudu a bakin madatsar ina salati, takalmina ɗaya ya fita ban ko waiwaya ba, har jirgin ceto mai inji ya isa wurinsu aka jawo shi ciki.

Aka kwantar da shi a gaban ɗakin kulob, aka lulluɓa masa wani bargo mai ƙyalli. Leɓunansa sun yi fari fat. Ya yi yunƙurin amai, ba abin da ya fito sai ruwa mai ɗaci. Wata Baturiya ta kawo shayi mai sukari ta kai masa baki, ya kau da kai, ya ce mata azumi yake.

Yaya ya ƙaraso yana ɗigar ruwa, yana haki. Ya tsaya a kansa ya ce, "Wannan jirgin ma hancinsa ba daidai yake ba, sai an duba shi. Kai kuma Abdul, ibadar nan taka ta yi yawa, ka ga ba ka da ƙarfi. Mu bari iska ta kwanta, wani satin a sake gwadawa."

Daga cikin bargo na ji wata 'yar murya ta ce, "To Yaya."

Wannan "To Yaya" ɗin ita ta ƙarasa ni. Na miƙe tsaye, ƙafa ɗaya ba takalmi, na ɗaga kai na dubi fuskar yayan mijina sosai, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansu.

"Yaya, ba jirgin ba ne. Kai ne."

"Jamilatu!" in ji Abban Najwa.

"Ka yi wa jirgin nan nauyi, Yaya. Ka yi wa na Kent nauyi, ka yi wa na Essex nauyi. Ba tamanin da biyar kake ba, kowa a wurin nan ya sani, an rasa mai faɗa ne kawai. Wannan bawan Allah kuma ba ibada ce ta kwantar da shi ba. Yunwa yake zama da ita, da gyambon cikinsa da komai, wai don ya rage wa jirgi abin da kai ka ƙi faɗa. In kashe mini shi za a yi, a gaya mini in sani!"

Da Hausa na yi maganar, amma Turawan da ke wurin duk suka sami abin kallo a wani gefen. Na jira tsawa, na jira ya ce wa ƙaninsa ya ga irin matar da ya aura.

Yaya ya nemi wani akwatin kayan aiki ya zauna a kai, ruwa yana zuba daga gemunsa. Ƙaninsa ya duba.

"Gaskiya ne, Abdul?"

Abban Najwa ya rufe ido.

Yaya ya ce, "Ɗari da ashirin da biyu. Na sani, ai nurse tana auna ni duk lokacin da na je karɓar maganin hawan jini." Ya nuna Baturen da haɓa. "Tun kafin mu zo tare na zo wurin mutumin nan ni kaɗai. Ya ce mai irin jikina jirgi biyu ne nasa a nan. Ko wancan na mutum ɗaya, ko wancan ƙaton. Shi kuma ƙaton sai da wani ƙato irina a kan igiya, don ƙarfin ƙyallensa zai fizge Abdul ya yar. Duk wanda na ɗauka a cikinsu, ba wurin yaron nan. Shi ne na ce bari in ɗauki ƙaramin, ko da mu za mu riƙa zuwa na ƙarshe kullum, muna dai tare. Ban san cewa..."

Bai ƙarasa ba. Ya miƙa hannu ya karɓi kofin shayin daga wurin Baturiyar, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya tallafo kan ƙaninsa.

"Sha."

"Yaya, azumi nake..."

"Na ce ka sha."

Ya sha. Ni kuwa ina tsaye, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na so in ce Yaya ya yafe mini, amma ban san wanne zan ce a yafe ba, abin da na faɗa gaskiya ne.

Daga nan asibiti na wuce da shi. Suka ce ciwon ya tashi amma an zo da wuri, suka ba shi magani, likitar ta yi masa faɗan da ya fi nawa. Yaya bai shiga motata ba ranar, tasi ya kira. Cikin satin ya aiko wa ƙaninsa saƙo cewa ya sayi na mutum ɗayan. Hajiya Afrah ta daina ɗaukar wayata, in na yi sallama a group ɗin iyali sai kowa ya amsa ban da ita.

Abban Najwa ya koma cin abinci. Duk abin da na ajiye sai ya cinye, ya ce an gode, ya kai kwanon kicin da kansa. Bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, kuma wallahi da ya yi da ya fi mini sauƙi. Na sha cewa, "Abban Najwa, in akwai magana a ranka ka faɗe ta." Sai ya ce, "Wace magana? Ai kin faɗe ta." Kumatunsa suka fara dawowa, na daina tashi da faɗuwar gaba. Ban yi nadama ba, ko yau aka sake sai na faɗa. Amma daɗi kam ban ji ba.

Ranar Asabar ɗin da za a yi tseren farko ya ce in kai shi kulob. Na ce me zai je yi? Ya ce jirgin Yaya ba ya shiga ruwa da kansa. Na zuba shinkafa da miya a kula, muka tafi.

Daga cikin mota na kalle su. Su biyu suka jawo jirgin a kan 'yar kurarsa mai taya biyu har bakin ruwa. Abban Najwa ya shiga ruwan sanyin nan har ƙugu, ya riƙe hancin jirgin yana jira, Yaya ya hau ya gyara zama ya tattara igiyoyinsa. Yaya ya sunkuyo ya ce masa wani abu, ban ji ba. Shi kuma ya gyaɗa kai ya saki.

Jirgin ya ɗauki Yaya sarai. Bai noƙe ba, bai karkace ba, hancinsa a sama, ya bi sahun sauran ya cilla. Baturen ya yi gaskiya, don mai irin jikinsa aka ƙera shi. Duk waɗanda suka raka nasu bakin ruwa suka hau suka shige ɗakin shayi, mijina yana nan tsaye a cikin ruwa, hannunsa a kan kurar da ba komai a kanta. Sai da ƙyallen Yaya ya shige cikin sauran har ba a bambance shi, sannan ya jawo ta ya fito.

Ya buɗe mota ya zauna a gefena da jiƙaƙƙiyar rigarsa. Ban ce masa ya jiƙa mini kujera ba. Na buɗe kula na zuba masa shinkafa daidai yadda ya saba ci, na miƙa masa.

Bai karɓa ba. Idonsa yana kan ruwa ya ce, "Ƙara, Jamilatu. Zuba da yawa. Yanzu ai ba jirgin da zai ɗauke ni."

Na ƙara masa.